Babi na 4: Ciyar da akuya mai shayarwa

Ƴan uwa, ku buɗe littafi, ku sa yatsa ƙarƙashin layin farko. Wadda ba ta iya haɗa baƙi ba tukuna ta saurara, za mu maimaita.

Darasi na 1: Kwanon uwa daban

Jar akuyarmu ta Maraɗi wata 5 take yi da ciki, kuma sau da yawa tagwaye take haifa. A makonnin farko ɗan akuya ba ya cin komai sai nono, nonon kuwa daga abin da uwa ta ci yake fitowa. In ta kwana da yunwa, hantsarta za ta yamutse, ƴaƴan su rame, ƙaramin cikinsu shi zai fara mutuwa.

Ga yadda za ki yi. Ki samo kwano guda, ko da tsohon kwanon sha ne. Wannan kwano na uwa ne ita kaɗai. Ki ɗaure ta a turke nesa da sauran awaki. Ki zuba dussar hatsi cikin tafin hannu biyu, ki yayyafa ruwa da ɗan gishiri, ki ajiye gabanta. Ki tsaya nan har ta cinye. Haka da safe, haka da marece.

A nan ne kusan kowa ke kuskure, shi ya sa zan sake faɗa. Kada ki zuba dussa a babban kwano ki ce duk su ci. Bunsuru zai tunkuɗe ta, manyan awaki su cinye, ita ta tashi da lasar kwano. Ke kina cewa kin ciyar, alhali bunsuru kika ciyar. Ki ɗaure ta daban. Kwanonta daban.

Wata za ta ce ba ta da dussa kullum. Ba komai, Inna, ba kasawarki ba ce, rani ne. Akwai harawar wake da ta gyaɗa, akwai ƴaƴan gawo, akwai ɗan ƙuliƙuli a dake. Abin da ya samu ki ba ta, sai dai ki duba harawar, in ta yi fumfuna ki zubar. Kuma sabon abinci kaɗan-kaɗan ake fara shi, don dussa mai yawa farat ɗaya tana kawo zawo da kumburin ciki.

To, ku amsa mini da ƙarfi: ina za a ɗaure uwa? Daban. Kwano nawa? Guda, nata. Madalla.

Amma bari in faɗa muku gaskiya. Bara na karantar da wannan babi har sau 3, na zagaya gidaje, na tarar da kwano ɗaya awaki 6 a kansa, mai jego na gefe tana kallo. Haba jama'a! Igiya da turke kuɗi ne? In ba za ku yi ba, kada ku zo kuna ce mini iska ce ta taɓa ɗan akuya.

Darasi na 2: Dakashi da ruwa

Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Kada ki tatse ki zubar. Ɗan ya sha shi cikin sa'o'in farko, shi ke tsare shi daga cuta. In ya kasa tsayawa, ki riƙe shi ki kai bakinsa kan nonon. Uwa kuma ruwa mai tsabta kada ya yanke mata, musamman lokacin bazara. Shi ma a gabanta za ki ajiye, daban.

Darasi na 3: Tatsa

In tagwaye ne, ki haƙura da nonon fura a watan farko. Ki bar musu.

Darasi na 4: Leda

Ki tsince leda daga tsakar gida. Akuya mai yunwa tana cin ta.