Yadda za ka gwada maganar masu cewa Rongorongo kalandar rana ce

Shekaranjiya muna zaune wajen mai shayi a nan Bauchi Road, sanyin Jos ya sa kowa ya duƙunƙune, sai wani abokina ya miƙo min waya wai in kalli bidiyon wani Bature da ya ce ya gano sirrin Rongorongo, wai ashe kalandar rana ce mai kwana 365. Na ce malam bi a hankali, rubutun nan tun 1864 da wani ɗan mishan Eugène Eyraud ya fara ba da labarinsa ake fama da shi, har yau ba wanda ya karanta. Amma tunda abin ya shiga ransa, ga yadda ni nake gwada irin wannan magana.

Rongorongo dai rubutun mutanen Rapa Nui ne, wato tsibirin Ista da ke tekun Fasifik, mai manyan gumakan dutsen nan. A jikin katako suke sassaƙa shi da haƙorin kifi ko tsinin dutse, zanen tsuntsaye da kifaye da mutane da tsirrai. Allunan da suka rage a duniya ba su kai talatin ba, masu iya karatun kuma yawanci sun ƙare bayan farmakin masu kamun bayi daga Peru a 1862 da cututtukan da suka biyo baya.

Da farko nemo zanen allon da ake kira Mamari a intanet, ka kai a buga maka a takarda, waya ba za ta yi ba. Daga ƙasa ta hagu ake farawa a bi layi zuwa dama, in an kai ƙarshe sai a juya allon gaba ɗaya kansa ya koma ƙasa sannan a kama layi na biyu. Ni ranar farko a waya na gwada, ina juya ta hoton yana juyawa tare da ni, har na gaji na haƙura.

Sai ka ɗauki jan biro ka zagaye duk alamar da ta yi kama da jinjirin wata. Akwai wani wuri da za ka ga sun jeru reras kusan talatin, a tsakiyarsu wata alama mai kama da ƙwai da mutum zaune a ciki, wannan shi ne wata ya cika. Lura da ɗan kifin da ke ta maimaituwa a tsakani, kafin cikar wata kansa na sama, bayan cikar kuma ya koma ƙasa. Wallahi ranar da na ga wannan da idona sai da na yi tsaki don daɗi. Wani Bajamushe Thomas Barthel ne ya lura da wurin a 1958, daga baya wani masanin harshe Jacques Guy ya gwada shi da sunayen dararen wata da wani sojan ruwan Amurka William Thomson ya rubuto daga bakin mutanen tsibirin a 1886, lissafi ya zauna: dare 28 tsayayyu da biyu na ko-ta-kwana, kamar dai mu da muke jiran a ce wata ya yi 29 ko ya cika 30. Kusan nan kaɗai ne masana suka yarda sun san me ake nufi, kuma ka ga na wata ne ba na rana ba.

To yanzu kawo kalkuleta. Wata kwana 29 da rabi ne, sau 12 ya ba ka 354, shekarar rana 365, tazarar kwana 11. Ita ce ke sa azumi yawo daga bazara zuwa hunturu. Duk mai son wata ya bi shekarar rana dole ya riƙa cusa wata na 13 lokaci-lokaci, ko ya kafa alama a sama, mutanen tsibiran can taurarin Matariki suke dubawa, waɗanda mu muke ce wa kaza da 'ya'yanta. Don haka tambayi mai bidiyo, ina alamar da ke nuna shekara ta zagayo a jikin allon?

Nan ne yawancinsu ke kwance. Mamari kaɗai yana da alamomi wajen dubu, in ka ba ni damar zaɓar inda zan fara ƙirga da inda zan tsaya, in ɗauki alama mai haɗe wani lokaci ɗaya wani lokaci biyu yadda ya yi min, in tsallake inda katako ya ci, ai ko lambar wayarka kake so zan fito maka da ita balle 365. Sa shi ya faɗi dokar ƙirgansa tun kafin ya fara, sannan ka ɗora ta a wani allon. Akwai ma alluna uku, ɗaya a Santiyago biyu a Rasha, masu ɗauke da kusan nassi ɗaya, in dokar ta yi aiki a ɗaya ta ƙi sauran biyun to tatsuniya ce.

Kar ka manta tsibirin yana kudu da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, da digiri 27, yini mafi tsawo a wurinsu Disamba ne, in ka ji ya ce Yuni kashe bidiyon ka adana datarka. Ba wai ba sa kallon rana ba ne, akwai gunkin Huri a Urenga da ke fuskantar inda take fitowa a yini mafi gajarta, sai dai wannan shaida ce a kan dutse, ba a kan allo ba.

Abokin nawa dai ya ce zai bugo takardar a Taminus ranar Asabar, na ce ya haɗo da biro biyu, shayin kuma shi zai biya.