Yadda ake zama da na'urar riƙe fitsari, daga abin da na gani a jikin Babanmu

Bayan an yi wa Baba tiyatar furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yoyon fitsari ya hana shi zuwa masallaci. Yana gama alwala sai ya ji jiƙa. Da atisayen matse mara ya ƙi yi, likita ya dasa masa AMS 800, na'urar da ake amfani da ita tun 1983. Kashi uku ce: zobe mai ruwa da ke shaƙe bututun fitsari, 'yar balan-balan a mara, da ɗan famfo a cikin fatar maraina.

Idan an dasa wa naka, kada ka tsorata da ganin yoyon bai tsaya ba. A kashe ake barin ta wajen mako shida har ciwo ya warke, likita ne zai kunna. Mu ba mu fahimci haka ba, har Baba ya fara cewa kuɗinmu sun tafi a banza.

Amfani da ita ba wuya. A riƙe famfon da hannu ɗaya, a matsa ƙasansa da ɗayan har ya lotse, sai fitsari ya zo. Cikin 'yan mintoci zoben zai sake cika da kansa. Shi ya sa nake ce masa, "Baba, ku ɗan dakata kafin ku yi tsarki."

Inda na fi jan kunne shi ne robar fitsari. Wani dare da zazzaɓi ya kwantar da shi, saura ƙiris wata ma'aikaciyar jinya ta zura masa ita zoben yana rufe. Hakan na iya cinye bututun har a cire na'urar. Dole a kashe ta tukuna. Katin na'urar yanzu yana aljihun rigarsa, hotonsa kuma yana wayata. Ja, kumburi ko zafi a wurin, a koma asibiti ranar.

Kafin tiyata, ka duba ƙarfin yatsun mara lafiyan, domin hannun da ke rawa ba zai iya famfon ba. Wannan ce matsalar da kamfanin UroMems na Faransa ke son kawarwa: tasu da rimot ake buɗe ta, kuma a 2022 aka fara gwada ta a jikin mutum a Paris. Da na ba Baba labari, tambayarsa ɗaya ce: in jikoki suka ɗauke rimot ɗin fa?