Yadda ake gano tsohon mazaunin turken arewa daga dutsen farar ƙasa

Lokacin da tudun murjani ke ginuwa a teku, ƴan ƙwayoyin ƙarfe masu maganaɗisu kan shiga lakarsa, su fuskanci arewar wancan zamani, dutse ya daskare da su a haka. Aikinka shi ne ka ciro wannan alƙibla ba tare da ka karkata ta ba.

Ɗalibin Maradi zai iya koyon hannu a Malbaza, jihar Tawa, domin dutsen da ake siminti da shi can a teku ya kwanta.

Da injin huda mai bakin lu'ulu'u, ana zuba masa ruwa, ka ciro sandar dutse mai kaurin santimita 2.5, guda 6 zuwa 10 a kowane wuri. Kafin ka ɓalle ta, auna fuskarta da kamfas, ka tabbatar da awon ta hanyar inuwar rana, ka zana kibiya a jikinta. Guduma da mota su yi nisa, ƙarfe na rikita allura.

Babban tarkon yana nan. An saba ɗauka cewa shimfiɗar dutse a miƙe ta kwanta tun asali, amma a gefen tudun murjani a gangare take kwanciya. In ka miƙe ta a lissafi, ka ɓata komai. Sai ka nemi ɓawon kodi da laka ta cika rabinsa, saman kuma farin dutse mai ƙyalli ya cike. Layin da ke tsakaninsu kamar ruwa ne a ƙwarya: shi ke nuna yadda ƙasa take a miƙe a ranar. Da irinsa ake aiki a tuddan Canning na yammacin Ostareliya, masu shekara wajen miliyan 370. Auna goma ko fiye, kada ka dogara da ɗaya.

Maganaɗisun farar ƙasa ba shi da ƙarfi, sai SQUID, na'urar auna maganaɗisu mai rauni, ke kama shi da kyau. A yanka sandar santimita 2.2, a gasa mataki-mataki ana aunawa. Kowane ma'adinin ƙarfe da zafin da yake sakin maganaɗisunsa: tsatsar gotayit wajen digiri 120 na Selsiyus, maganetayit a 580, hematayit wajen 675. Abin da ya fara gushewa galibi na baya-bayan nan ne. Amma ruwan da ya ratsa dutse daga baya na iya haifar da sabbin ƙwayoyi masu taurin kai, shi ya sa ake gwada tsakuwar da ta gangaro daga tudun ta manne a cikin dutse: in kowace na nuna alƙiblarta daban, dutsen bai sake maganaɗisu ba.

Daga nan sai lissafi: tan (tangent na lissafin kusurwa) na nitsewar alƙibla, wato yadda ta sunkuya ƙasa, ninki biyu ne na tan na nisan wurin daga ikwaita. Nitsewar digiri 26 na nufin wajen digiri 13.7 daga ikwaita, kusan daidai da Maradi a yau.