Ƙurar hunturu da motar tsere

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai kai motar tsere burji ko yashi a wajen Sakkwato cikin hunturun nan, ya fara duba iya kilina, wato matatar iskar da ke shiga inji. Ƙurarmu laushi gare ta kamar gari, in ta sami kafa ta shiga inji sai ta cinye ringin fistan, mota ta kama shan baƙin mai tana hayaƙi. Bara sakaci ya ja mini haka, sai da aka sauke injin. Bayan kowace fita a ciro iya kilinan, a hura iska daga ciki zuwa waje, a shafa giris kaɗan a bakin murfin. Lagireto ma a kakkaɓe shi tun kafin bazara, don zafin Afrilu kan wuce digiri 40.