Yadda ake ziyartar gonar inabi ta iyali ga wanda ba ya shan giya

Na yi shekara biyu ina karatun noma a Bordo, a ƙasar Faransa, kafin in dawo Yamai, kuma na raka 'yan uwa da yawa irin wannan ziyara. Kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe, lokacin da aka miƙo kofin giya.

Fara da zaɓen ƙaramar gona wadda mai ita da iyalinsa ke aiki da hannunsu. Manyan gidajen suna da ma'aikacin da ya haddace bayani, ba za ka ga manomi ba. Daga Bordo jirgin ƙasa zai kai ka Saint-Émilion cikin ƙasa da awa ɗaya, yankin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Kada ka je wa masu gonar babu sanarwa, kuma kada ka zo tsakanin sha biyu da biyu na rana, lokacin abincinsu ne.

To ga inda nake so ka tsaya. Tun a wayar da za ka buga ta neman rana, ka ce: ni ba na shan giya, gonar da aikin nake son gani, ko kuna da ruwan inabi? Shi ke nan. Wani ƙanena kunya ta hana shi faɗa. Tsohuwar gidan ta buɗe kwalbar da take ji da ita, ta zuba, ta miƙa masa, sai a lokacin ya janye hannu. Ranta ya ɓaci, shi ma kunya ta rufe shi, muka ƙarasa yawon kowa shiru. Da ya faɗa tun farko, da ba ta buɗe ba. Za su nuna maka wani ƙoƙo su ce ka kurkure ka tofar, haka masu ɗanɗano ke yi. Ni dai ban yarda ba, kada giyar ta taɓa bakinka.

Akwai tarko na biyu lokacin girbi, Satumba zuwa Oktoba. Ruwan da aka matse yau halal ne, amma wanda ya yi kwanaki a tanki ya fara tashi, wato ya fara zama giya, ga shi da zaƙi kamar na yau. Tambayi ranar da aka matse shi. In yana da kumfa ko yana tsinkar harshe, mayar.

Sauran lokacin ka ba gona. Ka ce a nuna maka gindin kurangar, inda aka yi auren itace. Wani ƙwaro mai suna filoksera ya cinye gonakin Faransa tun daga shekarun 1860, aka tsira ta hanyar ɗora inabinsu a kan saiwar inabin Amurka. Duk wanda ya ga yadda masu garka a bakin kogin Isa ke aurar da mangwaro zai gane nan take. Tambayi yadda suke sassabe rassa da sanyi, da dalilin da sabon dashe ke shekara uku kafin ya ba da 'ya'yan kirki. Kada ka tsinki ko ƙwaya sai an ba ka.

Sa takalmi rufaffe, riƙe rigar sanyi saboda ɗakin ajiyar ƙarƙashin ƙasa. Kuma kada ka fita hannu rabbana, mutanen nan da ciniki suke ci. Biya kuɗin ziyara, ka sayi ruwan inabi kwalba biyu in suna da shi.