Kafin ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa a baƙon birni

Jama'a, mai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan ya kula: katin da ka taɓa a ƙofar shiga, shi za ka taɓa a ƙofar fita. In ka shiga da katin banki ka fita da waya, ko da asusun ɗaya ne, na'ura tafiya biyu marasa cika take gani, sai ta yanke maka kuɗi mafi tsada har sau biyu. Kada kuma ka manna walat ɗungurungum. In Oyster (katin biyan kuɗin jirgi na Landan) da katin banki suna ciki tare, ba ka san wanda za ta ci ba.

A Paris ba ruwansu da gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe ke nuna inda jirgi ya dosa. Layi na 1, ko La Défense ko Château de Vincennes. A New York wasu jiragen tsallake ƙananan tashoshi suke yi, duba harafi ko lambar jirgin tukuna.

Waya ta faɗa kan layin dogo? Kira ma'aikaci kawai. Akwai ƙarfen da ke ɗauke da wutar lantarki ta ɗaruruwan volt a gefen layin.