Yadda nake gyara tsohuwar kwalba mai murfin waya

Kwalabe goma sha ɗaya gare ni masu murfin waya, irin waɗanda ake turawa da babban yatsa su buɗe. Huɗu na gada wajen Inna, kakata, wadda mijinta ya yi aikin kuku a gidan wani Bafaranshe nan Damagaram. Sauran na tsinto su ɗai-ɗai wajen masu tsofaffin kaya a Kasuwar Dole, ranar Alhamis. Yawancinsu kwalaben giya ne, ba na ɓoyewa. Kafin in zuba musu komai sai da na tambayi malaminmu a Zango, ya ce gilashi ba ya tsotsar abin da aka zuba masa kamar tukunyar ƙasa, in aka wanke shi da kyau ya tsarkaka. Robar da ke jikin murfin, mai toshe bakin kwalbar, ita ce ya ce in canza.

Murfin nan tsohuwar dabara ce. A 1875 aka yi masa rajista a Amurka, kamfanin giya na Grolsch da ke ƙasar Holan kuma yana amfani da shi tun 1897. Korayen kwalabensa su ne aka fi gani, kowace tana cin santilita 45, saura kaɗan rabin lita. Murfin kwano da muke gani kan lemun kwalba ya fito a 1892, ya fi arha, shi ya sa masu waya suka yi ƙaranci.

In za ki saya, 'yar'uwa, fara da shinshinawa. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar fetur na masu sayarwa a bakin hanya, ko kananzir, ko piya-piya, ki bar ta ko kyauta aka ba ki. Sannan ki zagaya bakinta da yatsa a hankali. In kin ji ɓantara ko tsaga, ba za ta rufu ba. Ki ɗaga ta wajen rana ki duba gindinta. Wayar kuma ki danna ta sau biyu ko uku, ya kamata ta yi ƙarfi, ta koma da ƙara.

Kan murfin shi ke nuna darajarta. Na dā da tangaran ake yi, yana da sanyi a hannu da ɗan nauyi, in kin ƙwanƙwasa shi da cokali sai ya yi ƙara kamar kofin shayi. Na baya-bayan nan da yawa roba ne. Kwalbar da aka rubuta sunan kamfani a jikin gilashinta, rubutun ya taso, ga 'yan kumfa cikin gilashin, ga kan tangaran, tsohuwa ce, kuma a Turai akwai masu tara irinta. Biyu daga na Inna haka suke, ba na zuba musu komai, suna cikin kabad.

Wanki kuwa, kin san halin ruwa a garin nan, don haka ba na ɓarna. Nakan cire wayar daga ramukan wuyan kwalbar, in jiƙa duka cikin roba ɗaya da omo su kwana. Da safe in zuba rairayi mai tsabta cikin cokali biyu da ruwa kaɗan, in girgiza har dattin gindi ya fita. Bayan nan ruwan jabel ɗan kaɗan, minti goma, sai ɗauraya sau uku. Tsatsar waya lemun tsami da toka ke cire ta. Kada ki kwarara tafasasshen ruwa cikin kwalba mai sanyi, na yi asarar ɗaya haka, ta tsage a hannuna. Ki kife su a inuwa su bushe sarai.

Robar baki ita ce wahala. Na taɓa sa mai faci ya yanko mini daga tiyub ɗin babur, ta rufe da kyau amma zoɓona ya ɗauki warin taya, na zubar da shi duka. Yanzu sabuwa nake sa wani ɗan'uwa ya taho mini da ita in ya yi tafiya, ta tiyub kuwa sai kwalbar iri, kamar na kuɓewa da yakuwa, don ƙwari ba sa shiga. Don gwaji, cika kwalbar da ruwa ki rufe, ki kifa ta kan busasshiyar takarda. In takardar ta jiƙe, robar ta mutu.

Ina zuba zoɓo da ruwan tsamiya da na citta, musamman da azumi, da zuma da man gyaɗa. Ki bar sarari kamar yatsa biyu a wuya. Abin sha mai sukari kada ya kwana a rufe cikin zafin nan namu, don yana tsami ya tara iska, kwalbar kuma ba ta numfashi, tana iya fashewa. A firji ki sa ta ƙasa, ban da wajen ƙanƙara, ruwa in ya daskare yana kumbura ya fasa gilashin. In kuma zoɓon ya wuce yini ɗaya, ki rufa tsumma kan murfin, ki kawar da bakin daga fuskarki da ta yara kafin ki buɗe.